Kafin ka kafa ƙarfen farko a cikin rairayi

Wani matashi mai walda daga Agadas ne ya aiko da tambayar. Ya ce shekara takwas ke nan, duk ranar da babu aikin ƙofa ko taga, yakan zauna ya harhaɗa siffofi da tsofaffin ƙarafan mota, har sun cika masa shago. Yanzu an yi masa tayin fili a bayan gari, yana so ya gina rumfar aiki a can, ya jera ayyukan a sarari jama'a su riƙa zuwa kallo. Yana tambaya ko an taɓa yin haka a hamada ya ɗore, da abin da zai fara tanada, da kuma ko wurin zai ciyar da shi.

Ƙanena, bari in fara da ta ƙarshen, don amsarta ba ta da tsawo. Kai za ka ciyar da wurin, kuma ba na shekara ɗaya ko biyu ba. Kada ka rufe shagon ƙofa da taga. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na kusa shekara ashirin ina kafa ƙarfe a waje, kuma yanzu lissafin makiyayi nake yi wa abin. Aikin da ke jingine a shago kaya ne, ko shekara goma ka manta da shi za ka tarar da shi yadda ka bar shi, sai dai ƙura. Ranar da ka ɗauke shi ka kafa a rana, ka ƙara baki ɗaya a garke: zai ci fenti, ya ci walda, ya ci gadi, ya ci lokacinka, har ranar da ɗayanku zai riga ɗaya faɗuwa. Filayen da na ga sun lalace, masu su gwanaye ne a hannu. Garken ne ya fi ƙarfin ciyawarsu.

An yi kuwa, kuma wanda ya fi kama da abin da ke ranka yana gefen garin Joshua Tree, a hamadar Mojave ta jihar Kalifoniya a Amurka. Mai wurin Noah Purifoy ne, baƙar fata, haifaffen jihar Alabama a 1917. A watan Agustan 1965 tarzoma ta ɓarke a unguwar Watts ta birnin Los Anjeles, aka ƙone gine-gine da dama. Da ƙura ta lafa, shi da abokinsa Judson Powell suka bi tituna suna tsintar ƙonannun katakai da narkakkun ƙarafa, wajen tan uku, suka haɗu da wasu masu sana'ar suka fitar da ayyuka 66 daga tarkacen. Bayan nan ya yi shekara 11 yana aiki a hukumar fasaha ta jihar. A 1989, yana da shekara 72, lokacin da sa'o'insa ke neman tabarmar hutu, ya tattara ya koma hamada, don ba shi da kuɗin hayar wurin da zai ɗauki manyan ayyuka a birni.

Shekara 15 ya yi a can, ya bar ayyuka sama da 100 a fili mai eka 10, kimanin hekta huɗu ke nan. Tayoyi, kekuna, kujerun ƙarfe, matattun talabijin, farantan alminiyam, tukwanen masai na tangaran, duk abin da gari ya zubar. Wanda ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne: wuraren shan ruwa biyu a jere, ɗaya famfo sosai an rubuta na farare a samansa, ɗayan tukunyar masai ce aka maƙala wa bakin famfo aka rubuta na baƙaƙe. Wanda ya tashi a Alabama a zamanin wariya ba ya buƙatar dogon bayani. Na je wurin sau ɗaya. Babu mai karɓar kuɗi a ƙofa, babu mai biye da kai, sai ƙarar kwano in iska ta kaɗa shi. Kuma ko'ina ka duba rana ta riga ka zuwa: tufafin da ya rataya sun zama zare, katako ya bushe ya tsage, roba ta yi fari tana marmashewa.

Shi Purifoy hakan bai dame shi ba. Ra'ayinsa ne rana da iska su sa hannu a aikin, su ɗora daga inda ya tsaya. Magana ce mai daɗi muddin mai ita yana raye, yana zagayawa da guduma, yana cewa wannan a bar shi, wancan a tallabe shi. A watan Maris na 2004 gobara ta kama gidansa a can ya rasu, sai tambayar ta faɗa kan waɗanda ya bari. In suka canza kowane katako da ya lalace, ranar da aka canza na ƙarshe, aikin na wa ne? In suka zura ido, bolar da ya tsinto ta koma bola. Abin da ya ceci wurin shi ne gidauniyar da aka kafa da sunansa a 1999, shekara biyar kafin rasuwarsa, wadda har yau take tara gudummawa tana gyara. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

To, me ke cin aiki a hamada? Kowa rana yake fara ambata, ni kuwa iska nake fara tsoro, don rana a hankali take ci, iska dare ɗaya take gamawa. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta huɗu yake ninkawa. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana danna kowane murabba'in mita na abu mai faɗi da nauyin kilo 50 zuwa 60. Ke nan farantin ƙarfe mai faɗin mita biyu da tsayin uku, kamar an jingina masa buhun siminti shida ko bakwai ne ta gefe, kuma can sama, inda suka fi sauƙin kayar da shi. A filin Goldwell da ke kusa da kufan garin Rhyolite a jihar Nebada, wani aiki da Albert Szukalski ɗan Beljiyam ya haɗa da ƙarafan mota masu ƙyalli ya yi shekaru a tsaye, guguwa ɗaya ta wargaza shi a 2007. Ni ma na sha nawa. Na taɓa jera ƙofofin mota tara a kan bututu biyu, na binne bututun iya gwiwa, na zuba kankare ɗan kaɗan don siminti ya yi tsada a shekarar. Ya ci hunturu lafiya, ya ci bazara, har na fara yabon kaina. Iskar gabas da ke gaban hadarin farko ta kwantar da shi, ta tumɓuke kankaren kamar an cire haƙori. Allah ya sa da dare ne, babu yaro a ƙarƙashi.

Tun daga ranar na daina siririn rami. A ƙasa mai rairayi gindi mai faɗi da nauyi ake yi: zuba faifan kankare da rodi, ka dasa notuna a ciki, ka yi wa aikin farantin ƙafa ka ɗaure shi a kai, yadda in gyara ya taso za ka kwance ka kai rumfa. Kuma ka bar wa iska hanya. Duk inda ƙira ta yarda, huda, ka raba faranti gida-gida, ka juya siririn gefe ya kalli gabas. Abin da ya yi tsayi a fili fetal, ja masa waya mai kauri zuwa sandar ƙarfe da ka kafa cikin ƙasa saboda tsawa. Rairayi kuwa ba ya tashi sama sosai, ƙura ce mai tashi. Shi tsalle yake yi ƙasa-ƙasa, akasarinsa bai wuce gwiwa ba, shi ya sa za ka ga fentin sama lafiya lau, na ƙafa kamar an bi shi da samfefa. Bari kankaren ya fi doron ƙasa tsawo da taƙi ɗaya, ka jera duwatsu kewaye da shi don kada iska ta ƙwaƙule gindin.

Zafi yana da nasa aikin da ido ba ya gani. Ƙarfe mai tsawon mita 10, in bambancin sanyin asuba da zafin azahar a jikinsa ya kai digiri 40, yana miƙewa wajen milimita biyar, alminiyam kusan ninkin haka. Kullum, safe da yamma. A Marfa ta jihar Teksas akwai akwatunan alminiyam 100 da wani mai fasaha, Donald Judd, ya jera a wasu tsofaffin ma'ajiyun soja guda biyu. Ta gilashi kawai rana ke shigo musu, amma wannan miƙewa da ƙanƙancewa yana sa su gusa daga inda aka ajiye su, sai an bi an daidaita. Don haka dogon ƙarfe kada ka kashe shi da walda ta kai biyu. Ɗaure kai ɗaya, ɗayan ka yi masa ramin noti mai ɗan tsawo ya samu wurin numfashi, in ba haka ba waldar ce za ta tsage. Wajen fenti, ja mai haske da ruwan hoda su ke fara kodewa. Launukan ƙasa, irin jan share fagen da kake shafa wa ƙofa, sun fi jure rana nesa ba kusa ba. Roba, leda, igiyar nailan da yadi baƙi ne, ba za su daɗe ba. Katako na gara ne, in ba azara ba.

Ruwa ne ake rainawa. Abin da Agadas ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, amma kusan duka a Yuli da Agusta yake sauka, wani lokacin a 'yan sa'o'i. Kai ka fi ni sanin abin da ambaliyar korin Telwa ta yi wa gari a farkon Satumban 2009. Kafin ka biya ko dala, nemi tsohon makiyayi ya nuna maka inda ruwa ke bi, don shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai laushi da ta fi ba ka sha'awa sau da yawa gadon ruwa ce. A jikin aiki kuma, busasshiyar iska ba ta saurin kawo tsatsa, inda ruwa ya kwanta nan take farawa. Duk bututu ka huda shi a can ƙasa, in ba haka ba daga ciki zai ruɓe fentin waje yana ƙyalli. Inda alminiyam ko jan ƙarfe ya haɗu da baƙin ƙarfe, sa guntun taya tsakani, don da sun jiƙe ɗaya yake cin ɗaya.

Akwai wani dattijo, Leonard Knight, da ya fara gina tudu mai launuka kusa da Niland, can kudancin Kalifoniya, a 1984, yana rubuta saƙonnin addininsa na Kirista a jiki. Da rairayi da ɗan siminti ya fara. Bayan 'yan shekaru tudun ya rufta. Da zai sake, sai ya koma kan abin da kakanninmu suka sani, laka da ciyawa, ya bi da fenti a kai, wanda aka ƙiyasta ya haura galan 100,000, akasarinsa kyauta mutane suka kawo. Ya tsaya. Sai dai fentin nan shi ne fatar tudun, duk inda ya tsage ruwa ya samu ƙofa, shi ya sa tun rasuwarsa a 2014 'yan sa-kai ba su ajiye buroshi ba. Kai kuwa malaminka yana tsakiyar garinku. Hasumiyar babban masallacin Agadas mita 27 ce ta laka, tun ƙarni na 16, an sake gina ta a 1844. Itatuwan da suka fito a jikinta, waɗanda baƙi ke ɗauka ado ne kawai, a kansu magina ke takawa in za a yi yaɓe. Wanda ya gina ta ya san za a dawo gyara, sai ya saka tsanin a jikin ginin. Haka nake so ka riƙa ƙira: ɓangaren da ka san zai riga sauran mutuwa, da noti za ka ɗaura shi, kuma tun a zane ka san ta ina mai fenti zai hau. Kada ma ka raina laka don kai na ƙarfe ne. Wani mai fasaha ɗan Suwizalan, mai suna Not Vital, da maginan yankinku ya yi aiki, da laka ya tayar da hasumiyar kallon faɗuwar rana mai mita 13 a Aladab, kusa da Agadas, a 2005.

Maganar fili, takardar da mai sayarwa ya nuna maka ba ta isa ba. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar, abin da ke sama da ita yankin kiwo ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ta hana mutum ɗaya ya mallake filin kiwo ya killace. Agadas a cikin wannan yanki take. Je ma'aikatar magajin gari da hukumar filaye ta Kofo a tabbatar maka filin yana cikin abin da aka yanka wa gari, ba burtali ba ne, ba hanyar rijiya ba ce. Ka je gaisuwa wurin mai unguwa, ba hannu rabbana ba, tun kafin ka sauke ƙarfe ɗaya.

Sai wadda ta fi iska haɗari in ka yi sakaci da ita. A Borrego Springs, wani garin hamada a Kalifoniya, attajiri Dennis Avery ya sa Ricardo Breceda ya cika masa fili da siffofin ƙarfe wajen 130 tun daga 2008: giwaye, raƙuma, dawaki, har da maciji mai tsawon sama da mita 100, kamar ya nutse ƙarƙashin titi ya ɓullo ta ɗaya gefen. A can abin sha'awa ne kawai. A garinku, cikakkiyar siffar abu mai rai wadda ke tsaye da inuwarta, hukuncinta a mazhabar Malikiyya haramci ne; bishiya, gini da zayyana kuwa babu laifi. Ba ka gaya mini irin siffofin da kake yi ba. Fatawa ta malamai ce, je ka zauna da naku, ka tafi da hotuna, tun kafin wani ya riga ka kai labari. Huɗuba ɗaya da aka kira filinka gidan gumaka ta isa ta rushe abin da guguwa goma ba su rushe ba. Kuma ni ban ga ƙunci a nan ba. Akasarin ayyukan Purifoy ɗakuna ne da rumfuna da tarin kaya, na Judd akwatuna ne. A hamadarku ma alamar da kowa ya sani bishiyar ƙarfe ce, wadda aka kafa a gurbin bishiyar Tenere bayan mota ta kaɗe ta a 1973.

Ga ɓarayi. Kai kana ganin aikin wata uku, ɗan gwangwan yana ganin kilo tamanin. Jan ƙarfe, tagulla da alminiyam kada su kwana a waje sai inda ido ke kai. Manyan bututu cika su da kankare su yi nauyin da ɗauka ba riba, kan noti kuma ka ɗiga masa walda kaɗan, wadda kai za ka goge da inji amma sufana ba za ta kwance ba. A 2005 wasu masu fasaha biyu sun gina shagon gangan na Prada, kamfanin jakunkuna da takalma masu tsada, a bakin titi a hamadar Teksas, da niyyar a bar shi ya lalace da kansa. Cikin 'yan kwanaki aka fasa aka kwashe jakunkuna da takalma, takalman ma duk na ƙafar dama ne. Nan niyyar ta tashi: aka gyara, aka sa na'urar tsaro. Ni dai ban ga makullin da ya kai iyali mai kwana a fili ba. Gina wa mai gadi ɗaki na kirki, ka ajiye randa da inuwa a bakin hanya don makiyaya. Wanda ya sha ruwanka shi zai gaya maka wanda ya zo da amalanke jiya da dare. Yara kuma hawa za su yi ko ka rubuta hani da manyan baƙi, don haka kowane aiki ka rataya a jikinsa ka girgiza da nauyinka, ka goge duk baki mai kaifi.

Rumfar aiki ba sai na koya wa mai walda ba, sai 'yan abubuwa. Toshe gabas da arewa da bangon laka, don ta nan hadari da hunturu ke shigowa, ka buɗe kudu. Zana tana sanyaya ƙarƙashin kwano, amma ita da tartsatsin walda ba sa zama ɗaki ɗaya. Ajiye bokitan rairayi da tukunyar kashe gobara, don kafin 'yan kwana-kwana su iso bayan gari an gama. Sola za ta riƙe maka fitila da fanka, injin walda kuwa ko ƙarami ne yana jan kilowat uku zuwa biyar, janareta ya fi maka sauƙi a farko. Batir mai ruwa rabin ransa yake rasawa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25, ba shi ɗakin laka mai iska. Kankare da yamma ake zubawa, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna kwana bakwai. Lissafa jarkokin ruwan nan kafin ka sayi siminti, don kankaren da ya bushe da ƙishi gari ne.

Inda zan ɗaga murya shi ne wajen sayen bola. Tankin mai ko rufaffen duro kada wuta ta taɓa shi ko ya shekara goma babu komai ciki, tururin yana nan. Duk abin da ya yi kama da harsashi ko kwanson bam, ko kyauta ne, a'a. Kuma ka tambayi asalin duk ƙarfen da ya fito ta wajen Arlit: a 2003 da kuma 2009 masu bincike daga waje sun auna ƙarafan da ake sayarwa a garin, suka samu wasu ɗauke da burbushin yuraniyam daga ma'adinai. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa, kai kuwa fili kake so ka buɗe wa yara.

Mu koma kan kuɗi. Filin Purifoy, na Goldwell, tudun Knight, dabbobin Borrego, duk shiga kyauta ne. Borrego aljihun attajiri ne ya tayar da shi, sauran gudummawa ce da 'yan sa-kai. Kuma waɗannan suna ƙasar da mutum ke tuƙa mota awa uku don ya ɗauki hoto. Baƙin Turai da suka riƙa cika Agadas sun janye tun tawayen 2007 da sace mutanen da aka yi a Arlit a 2010, kada ka ɗora kasafinka a kan dawowarsu. 'Yan kallonka na gida ne: 'yan makaranta da malamansu, masu hoton biki, 'yan yawon Sallah da na Biyanu. Abin da ke kawo kuɗi shi ne ƙaramin abin da mutum zai sa a jaka ya tafi da shi, da kwangilar da wani zai ba ka don ya ga babban a tsaye, da kuɗin koyar da yara. Dubi gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, inda maƙera da dukawa ke aiki a cikin harabar suna sayarwa. Fili yana jawo mutum, rumfa ce ke karɓar kuɗinsa. Daga duk abin da ya shigo, ware kason gyara kafin ka sayi ƙarfen sabon aiki. Shi ne kason da hannu ya fi saurin kaiwa, na sani, don na sha cinye nawa.

Yanzu abin da na ce zan dawo kansa. Sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane aiki da shafinsa: ranar da aka kafa, irin ƙarfen, irin fentin, girman gindi, da hoto ta fuska huɗu, a sake ɗauka kowace shekara bayan damina daga wuri ɗaya. A ƙasan shafin ka rubuta hukuncinka da hannunka: wannan a riƙa mayar da shi yadda yake, wannan a bar rana ta ci, kada a taɓa, wannan in ya fara barazana ga mutane a kwance shi a sayar. Ba kowane aiki ne ya cancanci fenti har abada ba, kuma kai kaɗai ne za ka faɗi haka ba a zarge ka ba. Masu riƙe da filin Purifoy da tudun Knight zuciyar wanda ba ya nan suke ƙoƙarin karantawa duk lokacin da wani abu ya karye. Namu kuma da ƙari. Ranar da ka kwanta dama, fili da ƙarfe dukiyar gado ce, za a raba, kuma magajin da bashi ya sha wa kai ba zai ga laifin kiran mai sikeli ba. In kana so wurin ya wuce ka, zauna da malami da wanda ya san doka tun kana da ƙarfinka, ku duba ko wakafi ne ya dace ko ƙungiya mai rajista, ka sa mutum biyu ko uku da suka iya walda a ciki, ka kuma gaya wa iyalinka da bakinka.

A bana kam, in takarda ta fito, kada ka kwashe shago. Zaɓi biyar: ɗaya dogo, ɗaya mai faɗi, ɗaya mai fenti, ɗaya tsirara, da ɗaya wanda in ya ɓace ba za ka yi kuka ba, shi za ka sa can nesa da ɗakin mai gadi. Kafa su a Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke. A gefe ka kafa farantin gwaji daga dab da ƙasa zuwa ƙirji, ka ja masa layi-layi a tsaye da duk fentin da ake samu a kasuwarku, ka rubuta lambar kowanne a baya da walda. Su sha hunturu, su sha bazara, su ga hadarin farko. Satumba mai zuwa ka zagaya da littafinka da sufana, ka rubuta kwana nawa da kuɗi nawa gyaran biyar ɗin ya ci, sannan ka aiko mini da hoton farantin.